Tani Ta Turara Baƙuwa

Tun ranar da labari ya iso Dandin Mahe cewa cikin Nana Fatima ya tsufa, Tani ta zama wata iri. Tana daka tana waƙa, tana tankaɗe tana dariya ita kaɗai. Akuya ta kifar mata da ƙwaryar gero, maimakon ta bi ta da muciya kamar kullum, sai ta ce, "Ci abinki, 'yar albarka." Mijinta Na'Allah ya daɗe da ita, ya san zafinta ya san bakinta, saboda haka wannan sanyin hali ya fi faɗan ba shi tsoro.

Wanda ya san gidan ba zai yi mamaki ba. Nana Fatima ce autar Tani, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yanta, kuma wannan ne cikinta na fari. Matan 'ya'yanta maza duk gidajen iyayensu suka tafi haihuwar fari, suka bar Tani da zuwa barka, ta zauna a gefen tabarma, a miƙo mata jariri ta ɗan riƙe a karɓe. Ta yi wa 'ya'yan maƙwabta wankan jego har hannunta ya daina jin zafin ruwa, amma nata na kanta bai taɓa zuwa ba. To yanzu ya zo. Nana za ta baro gidan mijinta a Bodinga, ta dawo ɗakin uwarta ta haihu, ta zauna har a yi arba'in. Abin da Tani ke so ke nan a duniya, kuma babu wanda ba ta faɗa wa ba, har mai sayar da kanwa.

Ba ta jira itacen da dangin miji ke kawowa ba, ta tara nata tsibi guda a gindin katanga. Ta kankare babbar tukunyar wanka, ta daka yaji, ta sa an yi wa ɗakin sabon yaɓe. Sannan ta zauna ta haɗa turaren wuta, wanda da shi aka san ta a unguwar. Kajiji da sandal kowa ya san tana sawa, sauran kuwa ko a bakin rijiya ba ta taɓa faɗa ba.

Ana cikin haka sai ga mijin Nana a kan babur. Mukhtari sunansa, ma'aikacin lafiya ne a Bodinga, yaro mai ladabi har ya yi yawa. Tun daga bakin hanya ya cire takalmi, ya shiga zaure ya durƙusa gaban Na'Allah kamar wanda ya zo neman gafara. Tani kuwa ta tsaya bayan katangar zaure, domin tsakanin suruka da mijin 'yarta akwai kunya. Ba ta kallon idonsa, ba ta kiran sunansa, "mutanen Bodinga" take ce masa ko da shi kaɗai ne. Duk abin da za su faɗa wa juna sai ya bi ta bakin Na'Allah, alhali kowa na jin numfashin kowa.

Bayan doguwar gaisuwa Mukhtari ya buɗe jaka ya fito da wata farar na'ura, girmanta bai wuce kwanon sha ba, da 'yar fitila a goshinta.

"Baba, ba hana ta tahowa za ni yi ba," in ji shi, kansa a ƙasa. "Likita na yac ce ƙirjinta na kamawa in ta shaƙi hayaƙi, kuma abin da uwa tash shaƙa shina kai ga ɗa. Cikin hayaƙi akwai wasu 'yan ƙwayoyi, sun hi garin tuwo laushi nesa ba kusa ba. Ido bai ganinsu, hanci bai tare su, sai su wuce huhu har cikin jini. Wasu masu bincike daga Sakkwato sunka ba mu irin wagga na'ura muna awon iska gari-gari. In hitila ta yi kore, lahiya lau. In ta yi ɗorawa, da dama-dama. In ta yi ja, babu kyau."

"To, madalla," in ji Na'Allah.

"Shi na nic ce a rataya ta ɗakin da Nana za ta zauna, in riƙa gani cikin wayata. In ta zauna kore, ni da kaina za ni kawo ta."

"In ta yi ja fa?"

Mukhtari ya ƙara sunkuyar da kai. "Sai Inna ta yi haƙuri ta taho Bodinga, ta yi mata wankan can gidanmu."

Tani ta dafe katanga. Ita ta tare a gidan suruki? Ta ci abinci yana ji, ta yi tari yana ji, ta ɗauki buta yana gani? Kuma matan unguwa da ta riga ta gayyata cin kunun kanwa ta ce musu me?

"Malam," ta ce da ƙarfi, "a hwaɗa ma mutanen Bodinga su aje abinsu. Iskan Dandin Mahe bai tsoron awo."

"Ta ce ka aje," in ji Na'Allah, wai don kada aikinsa na ɗan aike ya tashi a banza.

Na'Allah ne ya shiga ya rataya na'urar a jikin ƙusa. Ɗakin fayau, taga a buɗe, iskar damina na shigowa daga gonakin gero. Na'urar ta yi 'yar ƙara kamar ta sauro, fitilar ta kawo kore shar. Tani ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Mukhtari ya hau babur ɗinsa ya koma yana murmushi.

Da a nan aka tsaya, da babu labari. Amma Tani ba ta iya ganin abu mai kyau ta bar shi haka nan.

Washegari da hantsi ta shiga ɗakin ta tsaya tana kallon na'urar, sai kunya ta kama ta. Abu ya fito daga gidan surukai, an rataye shi a ƙusa kamar tsohuwar hula! Ko kaza aka aiko daga can ai a kan ba ta ruwa da tsaba. Nan take ta sauke ta, ta shimfiɗa sabon ɗankwali a kan kujera, ta ɗora ta, ta raɗa mata suna Baƙuwa. Ta shinshina iskar ɗakin ta ji ɗan warin turken awaki na shigowa ta taga, ta ce wannan ba zai yiwu ba, ta rufe tagar ta saki labule. Sannan ta yi abin da kowace mace mai mutunci ke yi wa baƙon kirki. Ta ɗebo garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta ajiye a gaban kujerar.

Hayaƙi ya miƙe, ƙanshi ya cika ɗaki. Fitila ta koma ruwan ɗorawa.

"A'a," in ji Tani. "Warin awakin ga ya riga ya shige mata. Yi haƙuri, yanzu za ni gyara."

Ta ƙara turare cikin hannu guda. Fitila ta yi ja.

Ta leƙa ta katanga ta ƙwala wa maƙwabtanta kira, Binta da Zulaihatu, ƙawayenta tun suna amare. Suka shigo suka tsaya a kan Baƙuwa, hannu a ƙugu, kamar unguwarzoma biyu a kan naƙuda mai gardama.

"Abin birni ta," in ji Binta. "Ta saba da turare mai ƙarhi. Naki ya yi mata sanyi."

"Nawa?" in ji Tani. "Nawa yay yi sanyi?"

"Ke dai bari in ɗauko wanda anka kawo mani daga Maiduguri," in ji Zulaihatu, ta fita da gudu ba ta jira amsa ba.

Binta ma ba za a bar ta a baya ba, ta kawo nata kaskon. Kasko uku suka jeru gaban kujera, kowace na fifita nata da faifai, kowace na so a ce nata ne ya shawo kan Baƙuwa. Hayaƙi ya yi kauri har ba sa ganin fuskar juna sosai. Idanunsu na zubar da ruwa, suna tari suna ƙara barbaɗawa. Sai can fitilar ta bar ja, ta koma wani launi kamar na shuni.

Suka matso suna leƙen fitilar.

"Launi nawa mijin Nana yac ce?" in ji Binta.

"Ukku," in ji Tani. "Kore, ɗorawa, ja."

"To wanga na huɗu na. Shi kanshi bai taɓa ganinai ba!"

"Mun ƙure ta!" in ji Zulaihatu. "Wallahi mun ƙure ma'auni!"

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Zulaihatu ta kifa ƙwarya ta hau kiɗa, Binta na guɗa tana sarƙewa da tari tana sake ɗauka. Tani ta cire mayafi ta ɗaure ƙugu da shi, ɗankwali ya zame ta bar shi, ta shiga juyi a tsakiyar ɗaki tana yi wa Baƙuwa kirari, tana cewa jikanta a cikin aljanna zai buɗe ido. Rabonta da rawa irin wannan tun bikin Nana.

Ba su ji tsayuwar babur ba. Sai dai aka banko labule, mutum ya faɗo ɗakin da takalminsa, babu sallama, riƙe da bokitin ruwa.

"Gobara! Inna, ku hito!"

Ya sheƙa ruwan a kan kasko ukun, suka yi cuuu. Hayaƙi ya ɗan yaye, sai ga Mukhtari ido da ido da surukarsa, kanta a buɗe, ƙugu a ɗaure, ƙafa ɗaya a sama. Tani ta yi salati ta faɗa bayan gado. Mukhtari ya yar da bokiti ya juya da gudu ya yi karo da ƙyaure. Na'Allah, wanda ya biyo shi daga zaure, ya zauna daɓas a tsakar gida yana dariya har da riƙe ciki, aka rasa mai tayar da shi.

Da ƙyar aka koma tsari, Mukhtari a durƙushe cikin zaure da ƙulu a goshi, Tani a bayan katanga ta lulluɓe har hanci. Ya ce yana cikin aiki masu binciken suka bugo masa waya daga Sakkwato, suna tambaya ko wani gida ne ya kama da wuta a Dandin Mahe, don abin da suke gani ya fi na kowace tasha a jihar. Launin shuni kuwa, bai faɗa ba ne saboda bai zaci za a kai can ba. Shi ne mafi muni.

"Malam," in ji Tani, "a hwaɗa mishi turare na. Ƙanshi na, ba wari ba."

"Baba, na'ura ba ta da hanci," in ji Mukhtari a hankali. "Ba ta san ƙanshi ba, hayaƙi tas sani. Na sandal da na kara duk ɗaya na gare ta, haka ma ga huhu." Ya fara lissafi da yatsu. "Ga murhu bakin ƙohwar ɗakin, za a kwana arba'in ana tahwasa ruwa sahe da marece. Ga garwashin da aka sawa ƙarƙashin gadon mai jego. Ni dai ina ganin Inna ta taho Bodinga shi yah hi."

Maganar ta soki Tani. Turaren da ake roƙonta ranar biki, yau shi ake haɗawa da hayaƙin kara. Ƙwalla ta cika mata ido, amma Tani ba ta daɗewa cikin kuka, nan da nan yake juye mata ya zama faɗa.

"Malam, tambaye shi. Ita wagga mai jan ido, an taɓa kai ta gidansu?"

Na'Allah bai ma maimaita ba, ya dai zuba wa surukinsa ido. Mukhtari ya sosa ƙeya ya ce gaskiya an sa ɗaya a asibiti, ɗaya a tasha, ɗaya a ƙauyen Danchadi, amma nasa gidan bai taɓa aunawa ba.

"To Baƙuwa ba ta bin shi yau," in ji Tani. "Gobe ni da ƙahwata za ni kai ta. In ta yi kore can, in kwashe kayana in tare."

Da safe suka tsaya bakin titi ita da Binta, Baƙuwa a kan faifai an lulluɓe ta da ɗan kyalle, batirinta cike. Suka sami keke mai ƙafa uku na wani Ɗanbaba. Kafin a yi nisa Tani ta bayyana wa kowa a cikin keken abin da ke tafe da ita, har da batun bokiti. Ta yaye kyallen. Ga gonaki hagu da dama, gero ya yi kai, fitila kore shar.

"Ku shaida!" in ji ta. "Iskanmu na wanga!"

Wata babbar mota ta wuce su tana aman baƙin hayaƙi, fitila ta yi ɗorawa. Keken gaba ɗaya ya ɗauki ihu. Wani dattijo mai buhun albasa ya leƙa kai yana yi wa direban motar daƙuwa, Ɗanbaba na danna oda yana dariya. Da hayaƙin ya wuce fitila ta dawo kore, aka tafa mata kamar ta ci kokawa. Wata mata da ya kamata ta sauka a hanya ta ce a wuce da ita, sai ta ga ƙarshen abin.

Suna shiga Bodinga fitila ta fara sauyawa. A tasha, inda ƙananan motoci da kekuna ke tsaye inji na aiki ana kiran fasinja, ta yi ja wur. Ɗanbaba ya ce ai nasa keken lafiyayye ne, Binta ta miƙa faifan wajen bututun hayaƙinsa, sai ya ce a bar maganar. Ya ɗauki abin kamar nasa, ya bar hanyarsa ya zaga da su bayan kasuwa inda ake babbakar kawuna da ƙafafun shanu da tsofaffin tayoyi. Nan fitila ta yi shuni. Mutanen keke suka yi sowa, ban da Tani, domin ta gane launin. Turarenta da tayar babbaka, ashe wurin Baƙuwa duk tafiyarsu ɗaya.

Layin su Nana ne ya dawo mata da walwalarta. A bakin layin mai walda ya tayar da janareta yana ta ɓaɓatu. Kusa da shi injin markaɗe na tari. Gaba kaɗan an cinna wa bola wuta, ledoji na narkewa, ga mai ƙosai ta hura nata itacen. Tani ta sauka, ta ɗauki faifai bisa tafin hannu kamar mai kai kayan gara, ta yi sallama ta shige har ɗakin 'yarta. Ja. Aka rufe taga aka jira, ta ɗan sauko ɗorawa, ta sake komawa ja.

"Ja!" in ji Tani. "Binta, ja ta! Allah na gode maka, ja ta!"

Ba a taɓa ganin wanda ya yi murna da mugun labari haka ba. Ta ajiye faifai ta taka rawa a tsakar ɗakin, wannan karon da mayafinta a ka. Nana Fatima na zaune bakin gado da ƙaton cikinta, tana dariya tana riƙe ƙugu tana cewa Inna ta bari kada ta sa ta haihu yau.

Mukhtari ya tsaya daga bakin ƙofa, bai shigo ba, yana duban wayarsa yana duban fitilar. Ba shi da girman kai, shi ya sa aka ba shi Nana tun farko. Ya ce wa Binta, don ita ce ɗan aiken yau, abin da masu binciken ke gani ke nan ko'ina. A gari hayaƙin daga waje yake, na injuna da janareta da bola, ya fi yawa da safe da yamma, kuma birnin Sakkwato ya fi Bodinga. A ƙauye irin Danchadi kuwa iska na wuni kore a fadama, sai lokacin girki ta yi ja a cikin gidaje. Shi ya san wannan a wurin aiki, bai dai taɓa kawo shi kan ɗakinsa ba.

"To ni ina za ni sa kaina?" in ji Nana. "Nan ja, can shuni."

Tani ta daina rawa. Ta juya wa ƙofa baya yadda ya dace, ta fuskanci Binta.

"Binta, tambaye shi. Shina iya kashe injin mai walda?"

"A'a," in ji Mukhtari.

"Na markaɗe fa? Bola fa? Motocin tasha?"

"Ba ni iyawa, Inna."

"To ni nawa hayaƙi hannuna shike. Ni nih hura shi, ni ka kashe shi."

Mukhtari ya durƙusa a inda yake ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. A ɗauke murhu daga bakin ɗakin. Kada a sa garwashi ƙarƙashin gado. Turaren wuta kuwa, ko na ranar suna, kada ya shiga ɗakin har a yi arba'in. Tani tana ta cewa "to, to, an gama" tun bai rufe baki ba. Da ya ce a sauke rufin ɗakin ma, a ranar cewa za ta yi to. A hanyar komawa ta saya wa duk mutanen keke rake.

Sai da ta isa gida abin ya fara nauyi. Murhun nan a bakin ƙofar ta same shi ranar da aka kawo ta amarya, a nan ta dafa abincin da ya raini 'ya'yanta duka. Ita da Na'Allah suka ciccibi duwatsun suka kai can bayan rumbu, inda iska ke kwashe hayaƙi ta yi gona da shi, ya kafa mata 'yar rumfa. Daga can zuwa wurin wanka tafiya ce, kuma ita za ta riƙa yin ta da tafasasshen ruwa safe da yamma. Wannan bai dame ta ba, ƙafa ce, tana da ita.

Turaren ne ya dame ta. Ta san kanta, in yana cikin gidan hannunta zai kai. Ta raba shi biyu ta kai wa Binta da Zulaihatu, suka karɓa babu wadda ta yi mata tsiya, abin da ba su saba ba. Ta fitar da katifa da labule da zannuwan gado ta wanke ta shanya, ta goge bango, ta bar taga a buɗe dare da rana. Fitilar Baƙuwa, wadda ta dawo da ita daga Bodinga, ta zauna kore ba ta ko ƙyaftawa. Tani ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta ja numfashi, ba ta ji komai ba. Ta nemi guɗa a maƙogwaronta ta rasa. Ɗakin ya yi mata kamar na wata, kuma ta ji kewar kanta a cikin gidanta.

Ranar da aka kawo Nana, unguwa ta cika. Mukhtari ya ɗauko mota shata, ya tsaya a zaure, wannan karon ba takalmi ba bokiti. Binta da Zulaihatu suka tare ta da guɗa tun daga bakin hanya, mata na shafa cikin suna cewa namiji ne, wasu na cewa mace ce, Na'Allah na ta kai da kawo da akwati bai san inda zai ajiye ba. Tani ta manta da duk wani nauyin zuciya, ta riƙo hannun 'yarta tana jan ta tana surutu, ga sabon yaɓe, ga tukunya, ga kanwa, ga inda za a kwantar da jariri.

Nana ta sa ƙafa a ɗakin tana dariya. Sai ta tsaya. Ta ɗaga hanci ta shinshina, ta juya hagu ta juya dama, dariyar ta ɗauke.

"Inna," ta ce, "wanga ba ɗakinki na ba."

"Nawa na mana. Ke ba ki ga gadon ba?"

"Ba shi ƙanshinki." Ta dafa cikinta. "Tun da munka taso nike ɗokin in shigo in ji shi. Ina jin tsoron haihuwag ga, Inna. Na ce in na ji ƙanshin ɗakinki tsoron za shi tahi."

Hawaye suka zubo mata. Matan da ke bakin ƙofa suka yi cirko-cirko. Binta ta matso ta raɗa wa Tani cewa kaskonta na nan kusa, ɗan kaɗan dai, tsunkule guda, wa zai sani?

Tani ta ji zuciyarta ta tafi wajen kaskon nan da gudu. Ta dubi cikin 'yarta, ta girgiza kai.

Ta zauna a bakin gado, ta jawo Nana ta zaunar. Ta buɗe tsohon mayafin da ke jikinta, wanda ya sha turare tun Nana ba ta iya tafiya ba, wanda sabulu ya gaji ya bar shi da abinsa. Ta lulluɓe su su biyu, ta kwantar da kan 'yarta a ƙirjinta.

"Shaƙi nan," in ji ta.

Nana ta cusa fuska ta ja numfashi mai tsawo, ta sake ja. Kafaɗunta suka sauka.

"Ga shi nan," ta ce daga cikin mayafin.

"To zauna nan har ki ƙoshi," in ji Tani. "Babu inda za ni."